Tafkin da Na Yashe a Landan

Shekarar da aka harbi Sarkin Makka a cikin watan Maulidi, ina Landan, ni kaɗai a gidan maigidana. Labarin ya same ni a kicin ina dafa shayi, rediyo na kan firji. Na yi salati, na kashe wuta, na leƙa ta taga. Ƙanƙara mai laushi ce ke sauka a kan tampol ɗin da aka rufe tafkin wanka da shi, ko da yake an ce mini sanyi ya kusa wucewa. Na riƙe wannan rana ne saboda washegarinta Alhaji, maigidan nawa, ya bugo waya.

Ni ɗan masu yasar rijiya ne. Sana'ar mahaifina ke nan, kuma tun ban kai tsawon igiyar guga ba yake zura ni ciki. Da igiya da guga na shiga gidan Alhaji a Kano, in yashe masa rijiyar tsakar gida, lokacin yana sayen gyaɗa. Da na gama ya ce in zauna. Na zauna shekara goma sha tara. Da kuɗin mai suka zo ya koma kwangila da shigo da siminti, ya sayi gida a arewacin Landan saboda 'ya'yansa da ke makarantun kwana a ƙasar. Ya ce yana son mutumin da zai bar wa makulli ya yi barci. Aka yi mini fasfo. Bai taɓa kirana da sunana ba, Mai rijiya yake cewa, har 'ya'yansa suka ɗauka.

Aikin ba shi da yawa. In kunna abin ɗumama ɗaki, in goge ƙura, in fitar da shara ranar da motarta ke zuwa. Idan yara suka koma makaranta sai in yi kwana shida ban yi magana da kowa ba. Ranar Juma'a kaɗai nake shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa in tafi salla wajen Regent's Park, inda ake ginin sabon masallaci. Ban iya karatu ba a lokacin. Tashoshi nake ƙirgawa da yatsu, in na kai takwas in sauka.

A can na san wani malamin makaranta, Bazazzagi, wanda ya zo kwas a wata kwaleji a Bloomsbury. Sa'ana ne ko na ɗan girme shi. Shi ke karanta mini wasiƙa, shi ke rubuta mini amsa. Juma'ar da ta gabaci mutuwar sarkin na miƙa masa ambulan muna zaune a kan benci bayan salla.

Ya ce, "Kai Bakano, yau ma? Wa ka cuta a Kurmi da har yake binka da takarda?"

Na ce, "Karanta, bawana. Ba tambaya aka sa ka ba."

Ya yi dariya ya buɗe. Ƙanena ne ya sa aka rubuto. Bayan gaisuwa ya ce ƙafafun Inna sun kumbura, ba ta fitowa ko tsakar gida, an kai ta asibiti sau biyu an dawo da ita. A ƙarshe ya ce Inna ta ce a tambaye ni, shin garin da nake ba a dawowa ne. Malam ya karanta wannan wurin a hankali, ya ninke takardar ya ba ni. Wata goma sha huɗu ke nan rabona da ita.

Da wayar Alhaji ta shigo, layin na ta ƙara kamar ana suya.

"Mai rijiya, kana jina?"

"Ina ji, ranka ya daɗe."

"Farkon watan Mayu zan shigo da baƙi, manya ne. Suwimin ɗin nan nake so ya zama tas. Ko ba su shiga ba, su gani."

Na ce to. Sannan na gaya masa maganar Inna. Ina jin ana yi masa magana a gefe.

Ya ce, "Allah ya ba ta lafiya. Ga yadda za a yi. Ka gyara ruwan nan, ina sauka ka bi jirgin da ya kawo ni. Ka yi wata biyu ma in kana so."

Na yi godiya har layin ya yanke.

Akwai wani tsohon Bature mai jan fuska da ke kula da tafkin. Shi ya zo ya rufe shi da sanyi ya shigo, shi ya kamata ya zo ya buɗe. Juma'ar da ta biyo Malam ya shiga ɗakin waya na bakin titi ya kira shi. Ya fito yana girgiza kai, ya ce aiki ya riƙe mutumin kaf, sai ƙarshen Mayu zai samu zuwa.

Malam ya ce, "Ka bari mana. Ka gaya wa Alhajinka haka."

Na ce, "Ruwa ne fa. Aikin ruwa na gada."

"To Sarkin Ruwan Kano. Kada dai ka faɗa ciki, ba ni da kuɗin kai gawa."

Ranar Asabar na kwance igiyoyin tampol. Ganye ya taru a kansa ya zama taɓo, sai da na yini ina kwashewa da shebur kafin na iya jan shi gefe. Ruwan da ke ƙasa kore ne shar, ba a ganin gindi. Gansakuka ta kama bango. A lungu guda, kusa da tsani, ga mushen bushiya ya kumbura yana yawo.

Na tsaya ina kallonsa. A wurinmu in dabba ta mutu a rijiya ba a tsayawa shawara. A fitar da mushen, a kwashe ruwan har ƙasa, a shiga a ɗebe laka, a bar sabo ya taru. Haka mahaifina ya yi, haka na yi sau ba adadi. Yaran Alhaji za su shiga wannan ruwa da bakinsu da idonsu. Ban ga wata hanya ba.

A ƙarshen lambu akwai ɗan ɗakin katako inda inji yake. A bayan ƙofarsa Baturen ya kafa wata takarda cikin leda, da rubutu layi-layi, layi ɗaya da jan biro. Kullum ina ganinta. Da na cire ta na sa a aljihu ranar Juma'a, da Malam ya karanta mini. Ban cire ba. Ba mantawa na yi ba. Na ɗauka ba abin da takarda za ta gaya mini a kan ruwa.

Na ga yadda tsohon ya yi lokacin rufewa. Ya juya wani hannun ƙarfe, ya kunna inji, ruwa ya bi bututu ya fita lambatu har ya ragu kamar kamu ɗaya, sannan ya kashe. Na yi yadda ya yi, sai dai ni ban kashe ba. Kwana biyu inji na gurnani. Ina zaune a bakin tafkin da bargo a kafaɗa ina kallon ruwa na sauka tayil bayan tayil. Ba na tunanin komai. Wani lokaci in tuna ƙafar Inna, sai in ƙirga tayil.

Da inji ya fara shan iska na kashe shi. Abin da ya rage a wajen zurfin ya kai gwiwa, baƙi ƙirin, da ruɓaɓɓen ganye. Na ɗaure bokiti da igiya. A gida mutum biyu ke yasa, ɗaya a ciki ɗaya a sama yana ja. Nan ni ne a ciki ni ne a sama. In cika bokiti, in hau tsani, in ja, in kai gindin shinge in zubar, in dawo. Sanyin ruwan ya kashe mini ƙafafu tun bokiti na goma, daga nan ban ƙara jin su ba, aikin ya yi sauƙi. Kwana uku na yi a haka. Na sami ƙwallo biyu, da cokali, da takalmin ƙaramar 'yar Alhaji ƙafa ɗaya.

Sannan na bi bango da buroshi da omo. Tayil ɗin ashe shuɗi ne mai haske. Na goge kowane layi, na bi tsakanin su da tsohon buroshin haƙori. Matar maƙwabcinmu ta leƙo ta saman shinge wata rana, ta daɗe tana kallo, ta faɗi wata magana. Na ɗaga mata hannu. Ta sake faɗa da ƙarfi, ta nuna ramin. Na ce mata tankiyu. Ta koma ciki.

Ina gab da gama gugar na ga idon ruwa. A can tsakiyar wajen zurfi, kusa da magudana, akwai wani ɗan rami mai murfin ƙarfe kamar bakin kofi. Ruwa ne ke ɓulɓulowa ta nan, ja-ja, mai laka, a hankali. In share, ya dawo. In tsane da tsumma, kafin in juya ya malale a kan tayil ɗin da na goge.

Na tsuguna a kansa na daɗe. A rijiya in ka ga ido murna kake yi, ka buɗe masa hanya. Amma na ce wa kaina wannan ba rijiya ba ce, ruwanta daga famfo yake zuwa. Wannan randa ce babba, kuma randa in tana yoyo toshewa ake. Na cire murfin, na feƙe guntun katako daga ɗakin inji, na naɗe shi da tsumma, na buga shi ciki da guduma har ya zauna daram. Na kawo siminti kaɗan daga ragowar buhu a gareji na shafe kansa. Ruwa ya tsaya. Na wanke wurin na hau sama na duba. Babu ɗigo ko ɗaya. Tun da na zo ƙasar ban yi abin da ya yi mini kyau kamar wannan ba.

Na ce bari in ba simintin kwana uku ya kama, bango ya sha iska, sannan in sakar masa famfo. Ranar da na faɗi haka aka fara ruwan sama. Ruwan can ba irin namu ba ne mai zuwa da iska ya wuce. Siriri ne, ba ya tsayawa. Dama tun kaka ake yinsa, ciyawar lambu in ka taka sai ta yi kamar soso. Duk safiya in sauka in kwashe abin da ya taru da bokiti, don kada ya jiƙa mini siminti. Kwana ukun suka zama biyar.

Rana ta shida da safe, bayan na karya, na fito da bokitina. Daga bakin ƙofar kicin na ga kamar idona ne ba daidai ba. Gefen tafkin na wajen zurfi ya ɗago sama da ƙasa kamar taƙi ɗaya. Duwatsun da aka shimfiɗa a kewaye sun tashi tsaye, wasu sun kife. Tsanin ƙarfe ya karkace. Na matsa. Tsaga ta taso daga lungu guda ta ratsa gindin har ɗaya bangon, faɗinta ya isa in sa hannu, jan ruwa na shigowa ta cikinta. Tayil sun zube kamar an fasa kwanuka. Turken da na buga yana nan daram inda na sa shi.

Ban ji ƙarar komai ba, ban san lokacin da abin ya faru ba. Na ajiye bokiti. Na tsaya har rigata ta jiƙe. Daga nan na koma ciki na wanke kofin shayina, na goge tebur, na fitar da shara, don ranar motar shara ce.

Juma'a na cire takardar bayan ƙofa na kai wa Malam. Ya karanta a zuci, ya dube ni.

"Me ka yi?"

Na gaya masa.

Ya sa yatsa a kan jan layin. Ya ce, "Nan cewa aka yi kada a kuskura a kwashe ruwan duka. Na ƙasansa kuma ya ce akwai rami a gindi, kada a taɓa shi." Ya miƙo mini takardar. "Kai Bakano. Ka zo har Ingila ka tayar da tafki tsaye."

Ya so in yi dariya. Na so in yi masa, ba ta zo ba.

Wannan karon da Malam ya kira tsohon Baturen, washegari ya zo, Malam na tare da shi don ya yi tafinta. Tsohon ya zagaya ramin sau biyu hannu a aljihu. Ya sauka ya tsuguna a kan turkena, ya taɓa simintin da yatsa. Bai yi faɗa ba. Ya ce ƙasar unguwar yumɓu ce, tana riƙe ruwa. Ruwan cikin tafki shi ke danne shi. In ka kwashe, sai ya zama kwalekwale, ruwan ƙasa ya ɗaga shi. Ɗan ramin nan an yi shi ne don in haka ta taso ruwan ƙasa ya samu wurin shiga, tafkin ya zauna. Ya ƙara wata magana yana kallon tayil.

Malam ya ce, "Wai shekara ashirin yana wannan aiki, bai taɓa ganin wanda aka wanke kamar wannan ba."

Alhaji ya sauka a farkon Mayu da baƙinsa uku. Na tare shi a ƙofa na karɓi jaka, na ce akwai magana. Na kai shi baya. Ya tsaya a bakin ramin da babbar rigarsa da kwat a kai, baƙin na bayansa. Na shirya wa zagi, na shirya wa kora. Kora ma a lokacin da ta yi mini daidai.

Sai ya fashe da dariya. Ya juya ga baƙin ya ce, "Kun ga mutumina? Rijiya na ce ya yashe mini shekara goma sha tara da suka wuce, har yau bai daina ba." Suka yi dariya. Ɗayansu ya ce dama ya yi ƙanƙanta, na wani abokinsu ya ninka shi. Alhaji ya ce, "Haka ne. A fasa shi a yi babba. Siminti ne fa, ni da nake da jirage cike da shi a bakin ruwan Ikko."

Da yamma na same shi a falo ya miƙe ƙafa. Na durƙusa.

"Ranka ya daɗe, maganar tafiyata."

"Wace tafiya?"

"Wajen Inna."

"Af. Haka ne." Ya shafa fuska. "To yanzu wa zai buɗe wa ma'aikata ƙofa? Ka san ba zan bar wa Turawa makullin gidana ba. Bari su gama. Sun ce sati shida."

Na ce to. Ba shi ya fasa tafkin ba. Fasfona yana cikin jakarsa, amma ko da yana aljihuna ban ga bakin da zan yi musu da shi ba. Bayan kwana goma ya koma, na kai masa jaka har mota.

Sati shida suka wuce ana fasa tsohon. Aka zo da injin haƙa ya cinye rabin lambun, ya tumɓuke itacen tuffa. Aka jira ƙarfe, aka jira tayil daga wata ƙasa. Ni ne mai buɗe ƙofa ƙarfe takwas, in dafa musu shayi sau uku, in rufe ƙarfe biyar. Suna kirana da wani suna da ban san ma'anarsa ba, suna yi mini alamar kwasar ruwa da bokiti, in ɗaga musu hannu. Malam ya rubuta mini wasiƙa uku zuwa gida. Kowacce cewa take ina nan tafe, saura kaɗan.

Amsar ta ukun ta zo a cikin watan Sha'aban. Na kai masa bencinmu. Ya karɓa yana cewa, "Kawo, ubangidana na ƙarya." Ya buɗe. Idonsa ya bi layin farko ya tsaya. Ya cire hularsa ya mayar.

Ya ce, "Yaya, sai haƙuri."

Bai taɓa ce mini Yaya ba. Na ce ya karanta duka. Ta rasu ranar wata Talata da hantsi, ana ruwa, an binne ta kafin azahar. Kwana goma sha tara ke nan kafin takardar ta iso hannuna. An yi sadakar uku, an yi ta bakwai. Ƙanena ya ce ba ta sha wahala sosai ba a ƙarshe, kuma ta ce a ajiye mini tasbaharta.

Malam ya yi addu'a na shafa. Ya ce in zo ɗakinsa in kwana biyu. Na ce ma'aikata na nan, gobe za su zuba ruwa. Ya raka ni har tasha. Na ƙirga takwas na sauka.

Kwana biyu famfo na zuba kafin sabon ya cika. Ya fi tsohon tsawo da faɗi, da fitilu a cikin bango. Lokacin yara sun gama hutu a Kano sun wuce makaranta kai tsaye, iska ta fara sanyi, ganye ya fara zuba. Kowace safiya in ɗauki raga mai dogon hannu in tsame ganye. Ba wanda ya shiga. Bayan ƙaramar salla tsohon Baturen ya zo ya rage kamu ɗaya, ya ja sabon tampol ya ɗaure. Ya kafa sabuwar takarda a bayan ƙofa, ya kira ni ya nuna mini jan layin, ya dafa kafaɗata.

Alhaji ya aiko da tikiti a watan da ya biyo. Ya yi mini ta'aziyya ta waya, ya ce in yi wata biyun da ya alkawarta. Na je. Ƙanena ya kai ni maƙabarta, ya tsaya yana duba tsakanin kaburbura biyu, don damina ta baje su. Ya ce yana jin wannan ne. Na yi addu'a a tsakiyarsu.

Tsohuwar takardar tana wurina har yanzu cikin ledarta. Da na shiga ajin yaƙi da jahilci bara, ita na fara ɗaukowa. Turanci ne, ban san abin da kalmomin ke cewa ba sai abin da Malam ya gaya mini, amma yanzu ina iya kiran harufan jan layin ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya tafi a wannan shekara: tafki ɗaya, da itacen tuffa ɗaya, da rabin lambu. Wata shida. Farcen babban yatsana na dama, da guduma ta cire. Jana'iza, da sadakar uku, da ta bakwai, da ta arba'in. Inna.